Ka Tambaye Ni Littafi, Ni Kuwa Kalkuleta Ce Ta Kashe Ni

Sadiku, tun safe kake bina da tambaya ɗaya: wane littafi za ka saya don jarabawar P, ta lissafin yiwuwa (probability) da masu lissafin inshora ke zaunawa, kuma wata biyu zai ishe ka? Ja kujera ka zauna. Yaran yanzu ke nan, kowa na neman littafin da zai karanta masa kansa.

Ƙungiyar masana lissafin inshora ta Amurka, wato SOA, da ke shirya jarabawar ta zuba tambayoyin gwaji sama da 300 da amsoshinsu kyauta. Ka taɓa buɗe su? Na san ba ka buɗe ba. Tambaya 30 ce cikin awa 3 a gaban kwamfuta, kowace da zaɓi biyar, wato minti shida kowace tambaya. Maki daga 0 zuwa 10 ne, da 6 ake tsallakewa. Mutanenmu kan ce awa 300 na karatu, kai kuma ka ce wata biyu, alhali rabin darenka a waya yake ƙarewa. Darussan jarabawar irin su ƙa'idar Bayes da Poisson da sauransu ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda ya fito daga sashen lissafin inshora a Zariya bai iya su ba, ya koma ya karɓo kuɗin makarantarsa.

Abin da tambayarka ta tuna mini daban ne. Ni 5 na samu a zamana na farko. Biyar! Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata huɗu na yi ina karatu da kalkuletata Casio ta jami'a, sai daga baya na gano ba a shiga da ita, ƴan samfuran Texas Instruments kaɗai aka yarda da su. Akwai wani abokin aikinmu da zai tafi Ingila, na ƙirga kuɗi na ba shi hannu da hannu ya sayo mini TI-30XS MultiView. Ya dawo, yau ya ce tana cikin akwatin da bai iso ba, gobe ya ce matarsa ta ajiye ya manta inda take. Mako uku yana yawo da hankalina. Ana gobe zan hau motar Legas inda zan zauna jarabawar, ya miƙo mini wata tsohuwar BA II Plus tasa, ya ce ai duk ɗaya ne, ita ma an yarda da ita. Gaskiya ne an yarda da ita. Abin da bai faɗa mini ba, kuma ni da wautata ban duba ba, shi ne halinta. In aka goge ta, kamar yadda ake yi kafin ka shiga ɗaki, sai ta koma lissafi a jere yadda ka danna: 2 a tara da 3 sau 4 ta ba ka 20, ba 14 ba. Ga shi lamba biyu kawai take nunawa bayan ɗigo. Na yi kusan awa guda amsoshina ba sa dacewa da ko ɗaya cikin zaɓi biyar ɗin, ina zufa, ina zargin kaina, kafin na gane munafuncin daga na'urar yake. Tambaya shida na cike da ka-cici-ka-cici a mintin ƙarshe. Kuɗin jarabawa da dala ake biya, ga kuɗin mota, ga masauki, duk sun bi ruwa. Shi kuwa mutumin, har ya bar kamfanin bai dawo mini da ko sisi ba, kuma in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya washe baki yana kirana "Farfesa".

To ka sayi kalkuletarka yau, da hannunka, ka yi duk karatun da ita har yatsunka su san ta a duhu.

Sai abu ɗaya da ke kayar da masu ji da kansu irinka: karanta tambaya. Ɗauki asarar da ke bin rabon exponential (wani tsarin lissafin yiwuwa), matsakaicinta 1,000, kuma wanda ya sayi inshorar shi ke ɗaukar 200 na farko. In aka tambayi abin da kamfani ke sa ran biya kan kowace asara, amsa wajen 819 ce. In aka ce kan asarar da ta wuce 200 har aka biya, amsa 1,000 ce cif, domin wannan rabo ba ya tuna abin da ya wuce. Duka biyun za ka iya tarar da su cikin zaɓin suna jiranka. Masu rubuta tambayar sun san inda gaggawa ke kai yaro.

Makonni uku na ƙarshe ka rufe littafi. Ka sa agogo, ka kashe waya, ka yi 30 a zama ɗaya, wadda ta ci maka minti takwas ka tsallake ta ka dawo. Kada ka bar ko ɗaya babu amsa, ba a rage maki don kuskure. Ranar Litinin ka kawo mini 30 na farko da ka yi, da lokacin da kowace ta ci maka a rubuce a gefe. Yanzu tashi ka ƙarasa mini teburin da na ba ka tun jiya.