Rigakafin ciwon funfuna: ya fito ko tukuna?

Malam, ka ce ƙaninka mai ƙanjamau ya yi sanƙarau irin na funfuna, kana tambayar ko akwai allurar rigakafinsa. Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya har yau babu rigakafin funfuna ko ɗaya da aka amince a yi wa mutane, duk ana kan gwaji.

Ɗaya daga cikin dabarun da ake gwadawa irin ta ɗigon foliyo ce da ake bi gida-gida nan ƙauyukanmu na Ringim, ana raunana ƙwayar amma tana raye don jiki ya gane ta. A jami'ar Arizona ta Amurka sun cire wa funfunar zazzaɓin Valley (wani ciwon huhu) wani sashe na gadonta suka gwada a karnuka, ya kare su. Rigakafin Kiriftokokus kuwa, wato funfunar da ke kawo irin wannan sanƙarau, wadda ke cikin kashin tattabara, har yanzu a ɓeraye ake gwadawa.

Abin da ke damuna shi ne masu buƙatarsa garkuwarsu ta riga ta yi rauni, ƙwaya mai rai ko da an raunana ta tana iya kwantar da su, shi ya sa ake takatsantsan.

Don Allah kar ƙanin naka ya daina shan maganin fulukonazol ɗin da likita ya rubuta ko da ciwon kan ya lafa, kuma ya bar share ɗakin tattabarun nan.