Shin akwai diyya ga wanda fenti ya lalata wa ƙirji a wurin aiki?

Tambaya: Wata uwa daga Aboabo a Kumasi ta rubuto cewa ɗanta ya shekara 4 yana feshin fentin mota a wani gareji da ke Suame Magazin ba tare da abin rufe hanci ba, yanzu numfashinsa yana sarƙewa, maigidansa kuma ya ce tunda ba hatsari aka yi ba, babu diyya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganar maigidan ba ta rufe ƙofa ba. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin kare lafiyarsa da ba shi kayan kariya kyauta, yayin da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 1987 ta wajabta masa biyan diyya idan aiki ya nakasa ma'aikacin. Ɗan koyo ma ba a fitar da shi ba.

Wahalar tana wajen hujja. Wanda inji ya datse wa yatsa kowa ya gani, amma tururin fenti da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, a hankali suke cin huhu, kuma sinadarin aisosayanet da ke cikin fentin mota sananne ne wajen haddasa asma. Saboda haka a kai shi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a auna ƙarfin huhunsa, ya gaya wa likita irin aikinsa dalla-dalla, har da abin da yawancin masu wannan ciwo ke lura da shi, wato ƙirji ya saki ranar Lahadi, ya sake ɗaurewa da yammacin Litinin. Ya ɗauki hoton gwangwanin fentin da rubutun jikinsa, ya adana takardun asibiti, rasitin magani da saƙonnin kuɗin waya da ke nuna ana biyansa.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri, domin doka ta ba da wata 6 a sanar da maigida kuma a nemi diyya, mutanenmu kuwa sukan ƙare wannan lokaci wajen kai wa dattawa magana. Sulhu alheri ne, amma a fara kai sanarwa a rubuce, a bar kwafi a ofishin Sashen Ƙwadago na Kumasi. Ƙimar nakasar da likita ya rubuta ce ke yanke yawan kuɗin. Idan nakasar ta dindindin ce gaba ɗaya, albashin wata 96 ne. Kada ya sa hannu a wata takardar sallama kafin a yi wannan ƙiyasi, kuma kada ya koma ɗakin feshi tukuna.