Tambaya da Amsa: Da dala 700, wace bindigar farauta zan saya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan Zariya ne amma ina zaune a Columbus ta jihar Ohio a Amurka shekara 6 kenan, inada katin zama na dindindin. Abokan aikina duk shekara suna fita farautar barewa wajen ƙarshen Nuwamba, bana sun matsa lallai sai na bi su, ni kuma dama kakana maharbi ne, tun ina yaro abin ke burge ni. Na tara dala 700. Na shiga intanet kaina ya ɗaure, wannan yace in sayi mai cin harsashin .308, wancan yace mai cin 6.5 Creedmoor, wani ma cewa yayi in ba bindigar Tikka ba asarar kuɗi ne kawai. Ni dai tunda nake bindigar toka kaɗai na taɓa harbawa sau ɗaya a ƙauye. Dan Allah wacce zan saya?

Ɗan'uwanku daga Columbus

Amsa:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da zaman ƙasar sanyi. Wallahi naji daɗi da ka faɗi jihar da kake, domin da ka bi masu cewa .308 ko 6.5 Creedmoor da ka sayi bindigar da baka da ikon harbin barewa da ita a Ohio. Su masu baka shawarar ba ƙarya suka yi ba, harsasai ne masu kyau, amma ƙila a Texas ko Montana suke, kowa da dokar jiharsa yake magana. Ohio ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai gonaki da gidaje kusa-kusa, shekara da shekaru ba a yarda a harbi barewa da raiful ba sai da bindiga mai watsa harsashi ko irin wadda ake ɗurawa ta baki, sai a 2014 aka buɗe ƙofa, shima da sharaɗin kwanson harsashin ya zama miƙaƙƙe sambal ba mai wuya irin na kwalba ba, awon kaurinsa daga .357 zuwa .50 na inci. Shi kuwa .308 da 6.5 Creedmoor da .30-06 da .270 da .243 duk masu wuyan kwalba ne, suna cin nisa sosai, shi yasa aka hana.

Toh kaga kenan harsashi ake fara zaɓa, bindiga ta biyo baya. Kai naka shine .350 Legend, kar sunan ya ruɗe ka, a awon .357 ake lissafa shi. Kamfanin Winchester ne ya fito dashi a 2019 musamman saboda jihohi masu irin wannan doka, Ohio da Iowa da kudancin Michigan da makamantansu. Shurinsa a kafaɗa kaɗan ne, yara da mata ma suna harbawa ba tare da sun tsorata ba, kuɗin harsashinsa da sauƙi, kuma yana kada barewa lafiya lau in dai bata wuce yadi 200 ba, a dazukan Ohio kuwa yawanci ma bata kai yadi 100. Za ka ji wasu na zuga ka kan .450 Bushmaster wai yafi ƙarfi. Ƙarfi kam yafi, amma ga wanda bai saba ba dukan kafaɗar da yake yi zai koya maka runtse ido da zabura tun kafin ka danna kunama, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum cire ta aiki ne ja. Ni ban baka shawarar farawa dashi ba.

Sai ita bindigar. Irin wadda ake nufi ita ce mai sakata, kuma sunan ya dace da ita don kamar sakatar ƙofa take aiki, ka ɗaga mariƙin, ka ja baya kwanso ya fice, ka tura gaba sabon harsashi ya shige, ka sauke ta kulle, harbi ɗaya kenan sai ka sake. Tsohon tsari ne, wadda Mauser na Jamus ya ƙera a 1898 har yau ana kwaikwayonta, kuma da yake kayan cikinta basu da yawa shi yasa bata cika lalacewa ba, ga saiti ga araha.

Guda huɗu ake samu da .350 Legend cikin kuɗinka, Savage Axis, Ruger American, Winchester XPR da Mossberg Patriot. Farashi na motsi daga shago zuwa shago amma duk suna yawo tsakanin dala 400 zuwa 600 da ɗoriya, kuma daf da lokacin farauta ana karya kuɗi. In Savage ce ka tabbata kunamarta AccuTrigger ce irin ta Axis II, wadda zaka iya sassauta taurinta daidai yatsarka, tsohuwar Axis ta farko kunamarta da tauri kuma kunama mai tauri ita ke janye baki daga saiti daidai lokacin da harsashi zai fita. Ruger American tun 2012 take kasuwa, a ƙarshen 2023 suka fito da sabuwar ƙira, akwai gajeriyarta da suke kira Ranch mai baki kamar inci 16, tana da daɗin riƙo in kana zaune a bukkar fako ko saman bishiya. Da ni ne da kuɗin nan naka tsakanin waɗannan biyun zan tsaya, sannan in bar kafaɗata ta raba gardama. Kaje shago ka ɗauki kowacce ka ɗora, kuma kaje da jibgegiyar rigar sanyin da zaka saka ranar, don bindigar da ta zauna maka daidai da shat a watan Agusta zata iya yi maka tsawo in ka sha kaya a Disamba.

Maganar wanda yace in ba Tikka ba asara ne, Tikka T3x bindiga ce mai kyau ba musu, a garin Riihimäki na ƙasar Finland kamfanin Sako ke yinta, sakatarta na sulɓi kamar an zuba mata mai, amma ita kaɗai zata lashe kuɗinka har ka ciwo bashi baka sayi madubin hangen nesa ba balle harsashi. Abinda ya rage kuɗin masu arahar nan ba saiti bane, ƙotar roba ce maimakon katako, fenti ne da ba a goge sosai ba, sakata ce mai ɗan kaushi a farko. Wajen harbi kuwa da yawansu in sun samu harsashin da ya dace dasu suna tara harbi uku cikin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yadi 100, alhali wurin da ake nema a ƙirjin barewa, huhu da zuciya, faɗinsa ya kai faranti. Barewa bata san ko nawa ka sayi bindigarka ba.

Inda nake so ka buɗe kunne shine madubin hangen nesa, don nan mutane suke yin tsumulmula kuma nan ake kunya. Akwai waɗanda ake sayarwa haɗe da madubi a kwali ɗaya, ba laifi don farawa, amma ka duba ƙusoshin da suka riƙe shi da kanka. Ni na taɓa sayen irin haka a wani shago, mai shagon ya tabbatar min an saita komai, naje fili na ƙone harsashi kusan kwali guda harbi na warwatse nan da can ina ta zargin hannuna, ashe zoben da ya riƙe madubin ne a kwance yake girgiɗi. In da hali ka sayi bindigar ita kaɗai ka ɗora mata madubi mai lamba 3-9x40 na kamfanin Vortex ko Leupold ko Bushnell, ka ware masa dala 150 zuwa 200. Barewa da asuba da kuma daf da magariba take fitowa, lokacin da haske yayi ƙaranci, a nan ne madubi mai kyau ke nuna kansa, na banza kuwa sai hazo.

Abinda ya rage ka sa shi a harsashi da abin toshe kunne, kuma ka je filin koyon harbi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ka saita ta a yadi 100 da ainihin harsashin da zaka yi farauta dashi, kar ka saita da wani ka fita da wani. Bayan ka gama harbi a kan tebur ka sauko ƙasa ka gwada a zaune da a durƙushe, ka kafa farantin takarda, iyakar nisan da kake samunsa duk harbi ba kuskure shine iyakarka a daji, kar ka wuce shi ko da ƙahon barewar ya kai me. Wannan abu yana damuna ƙwarai, dabba ce mai rai, ka harbe ta a ciki ko a ƙafa ta gudu ta kwana biyu tana wahala kafin ta mutu a wani kwazazzabo, wannan alhaki ne, kakanka ma da bindigar toka sai ya lallaɓa ya matso kusa kafin ya saki wuta.

Takardu kuma, da katinka na dindindin zaka iya saye a shago mai lasisi, zaka cika fom mai lamba 4473 a bincika sunanka a wajen FBI. Sabon mafarauci a Ohio sai yayi kwas na koyon farauta kafin a bashi lasisi, ko kuma ya yanki lasisin ɗan koyo ya fita tare da babba mai cikakken lasisi, sannan ga takardar izinin barewa daban. Lokacin bindiga yana buɗewa ranar Litinin bayan bikin Thanksgiving (bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba), kwana 7 ne, dole ka sa riga ruwan lemo mai ɗaukar ido, harsashi uku kacal aka yarda su kasance cikin bindigar, in gonar wani ce sai da izininsa a rubuce, kuma in ka kada barewa sai kayi mata rajista. Hukumar namun daji ta Ohio na fitar da ɗan littafin dokoki duk shekara kyauta, ka karanta na bana da idonka. A gida kuma ka cire harsashi, ka kulle ta, harsasai a wani wuri daban, musamman in akwai yara. Kar ka manta da bismillah lokacin harbi, ka riƙe wuƙa mai kaifi in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka.

Tambaya:

Malam ni ba farauta nake so ba, ɗaliba ce ni a Texas, harbin allo kawai ke bani sha'awa a ƙarshen mako, kuma kuɗina ba yawa.

'Yar'uwarku daga Houston

Amsa:

'Yar'uwa ke taki mai sauƙi ce, ki nemi mai cin ƙaramin harsashin nan .22 LR. Savage Mark II ko Ruger American Rimfire, in kin ƙara kuɗi kaɗan CZ 457 ta ƙasar Cek wadda ni tafi kwanta min. Ba shuri, ƙara kaɗan, kuma kuɗin da wani zai sayi harsashi 20 na .308 ke zaki samu ɗaruruwa, ai da yawan harbi ake ƙwarewa. Amma da yake kince ɗaliba ce, in da bizar karatu kike dokar tarayya ta hana ki mallakar bindiga ko harsashi sai in kin shiga cikin waɗanda aka keɓe, misali mai lasisin farauta da bai ƙare ba. Ki warware wannan da ofishin ɗaliban waje na makarantarku ko lauya kafin ki taɓa komai, kar sha'awa ta ja miki asarar biza.

Tambaya:

Malam mu da muke gida fa? Ina da ɗan'uwa a Amurka, zai iya saya min irin wannan ya turo min Bauchi? Aladun daji da birai sun ishe mu a gona.

Manomi daga Bauchi

Amsa:

Alhaji Allah ya kawo sauƙi, nasan zafin mutum ya noma wata dabba ta girbe a dare ɗaya, amma dan Allah kar ku fara, daga kai har shi ɗaurin kurkuku ne, shi a can kai a nan. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Akwai haramtattu da sai da izinin shugaban ƙasa, cikinsu har da raiful masu awon 7.62mm da 9mm da .300 da .303 irin tsohuwar bindigar 'yan sanda da iyayenmu suka sani, kuma shi .308 ɗin nan awonsa ɗaya da 7.62. Wanda aka kama da irin wannan ba izini shekara 10 ne mafi ƙaranci. Akwai na biyu irin su dabul-baral da raiful na wasa, lasisinsu a hannun Sufeto Janar yake, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar ta dakatar da bada sababbi. Na uku sune masu ɗuri ta baki irin bindigar toka, suma doka ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar gwamna, ikon hana riƙe su ba tare da lasisi ba. Ku haɗu ku manoman yankin kuje wajen mai unguwa ko dagaci, a kai kuka ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma, a nemo maharban da hukuma ta san dasu su yi muku aikin, in kuma gonakin naku na kusa da Yankari ne to da ma'aikatan dajin za ku fara magana.