Filin Tambayoyinku: Kwana huɗu a Malesiya ni kaɗai, in leƙa gidan caca ko kar in leƙa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Tudun Wada ne nan Zariya, ina da ɗan shagon waya a PZ, shekarata 29 ban yi aure ba tukuna. Shekara biyu ke nan ina zubin adashi da niyyar in fita waje in ga duniya ko sau ɗaya ne kafin nauyi ya hau kaina, kuma Malesiya na zaɓa saboda na ji ƙasar musulmi ce ba zan sha wahalar abinci ba. Matsalar kwana huɗu kawai zan iya yi a can don ƙanena zan bar wa shago kuma ka san halin yaran yanzu. Ga wuraren da na rubuta: Genting, Sunway Lagoon, tagwayen benayen nan, Batu Caves, kasuwar Petaling, tsibirin Langkawi, in da hali ma in tsallaka Singafo. Sai kuma wani abokina da ya ce wai in na hau Genting ban shiga gidan cacar ba to kamar ban je ba ne, ni wallahi ba caca zan yi ba kallo kawai zan yi in ɗau hoto in fito, shin akwai matsala? Sannan Hajiyarmu har yanzu ba ta saki ranta ba wai ya za a yi in tafi ƙasar da ban san kowa ba. Dan Allah a ba ni shawara.

Mai shagon waya, Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Toh, da na karanta jerin nan naka sai da na yi dariya ni kaɗai a falo, domin ni da na yi shekara uku ina karatu a ƙasar sai a shekara ta biyu na taka Langkawi, kai kuma kana so ka haɗa ta da Singafo a kwana huɗu. Taura biyu ba ta taunuwa, kai kuwa bakwai ka cusa a baki.

Bari mu fara da hanya. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga Najeriya ya dire ka Kwala Lumfur, babban birninsu, kai tsaye, dole ka ya da zango a Doha ko Santambul ko wani gari, in ta Kano ka tashi ka bi Doha wajen awa 14 za ka yi a sama ban da zaman jira a filin jirgi, ban da motar da za ka shiga daga Kwangila zuwa Kano. Sannan agogonsu ya riga namu da awa 7, lokacin da ake kiran azahar a Tudun Wada su har sun yi magariba, dan haka ranar farko barci zai riƙa fizgarka da rana tsaka, da dare kuma idonka ƙyar kamar mai gadi. Ka ga kwana huɗun nan naka a gaskiya uku ne. Ka soke Singafo, wata ƙasa ce daban da bizarta daban. Ka soke Langkawi, sai ka sake hawa jirgi na kusan awa ɗaya zuwa can arewa, kuma wuri ne na kwanciya a bakin teku, bai dace da mai sauri ba.

Takardu kuwa ka nemi biza tun da wuri, ofishin jakadancinsu yana Abuja, ka riƙe katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, ka tabbata fasfonka yana da sauran wata shida ko fiye, kuma akwai fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin ka sauka, MDAC suke ce masa, kyauta ne kar wani ya karɓi kuɗinka a kai. Ka buga takardar otal da tikitin dawowa ka riƙe a hannu domin mai koren fasfo yana shan tambayoyi a wajen jami'an shige da fice, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kuma dan girman Allah kar ka karɓi saƙon kowa, ko ƙullin yaji ne, ko ɗan unguwarku ne ya ce ka kai wa ɗan'uwansa ɗalibi, dokarsu a kan ƙwaya har hukuncin kisa tana kaiwa.

Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa mai sauri da zai kai ka tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa. Ka kama otal kusa da tashar nan ko unguwar Bukit Bintang, ka sa Grab a wayarka shi ne tasi ɗinsu kuma kuɗin yana fitowa tun kafin ka shiga babu jayayya da direba. Cajarka ma za ta shiga soket ɗinsu, irin namu ne mai ƙafa uku.

Yanzu Genting, tunda na lura nan zuciyarka take. Kan dutse ne a jihar Pahang, tsayinsa wajen mita 1,800, tafiyar awa ɗaya daga birni kuma akwai bas daga KL Sentral ɗin. Wani attajiri ɗan asalin Sin mai suna Lim Goh Tong ne ya fara fasa hanyar dutsen a 1965, otal na farko ya buɗe a 1971. Bas zai ajiye ka a Awana, daga nan ka shiga keken igiya, wato wani ɗan ɗaki ne na gilashi rataye a jikin waya yana jan ka sama, minti goma kana kallon ƙungurmin daji a ƙarƙashin ƙafarka hazo yana shafar gilashin, ni dai ranar farko salati na riƙa yi a ɓoye don kar yaran Sinawa da ke ciki su yi mini dariya. A ganina wannan minti goman ya fi duk abin da ke saman daɗi. Ka tafi da rigar sanyi, kar zafin birni ya ruɗe ka, can sama in yamma ta yi kamar Samaru ne a watan Janairu da asuba, sai dai nasu sanyin mai laima ne ba ya fasa leɓe.

A saman akwai wuraren wasa biyu, SkyWorlds na waje wanda aka buɗe a 2022, da Skytropolis na cikin gini. In gari ya yi kyau ka shiga na wajen, in ka ga hadari ka haƙura ka shiga na ciki, domin da an fara ruwa da tsawa sai su tsayar da manyan lilunan ka zauna kana kallon tikitinka, kuma ruwan ƙasar nan ya fi son la'asar, dan haka ka yi sammako. Ka guji Asabar da Lahadi da lokacin hutun makarantu, layi zai cinye maka yini. Ka kuma kula da ranar Talata don galibi SkyWorlds ba ya buɗewa a ranar, haka ma Sunway Lagoon. Da yake na ambace ta, ka zaɓi ɗaya tsakaninta da Genting, ita Sunway yawanci wasan ruwa ne kuma wasan ruwa na 'yan rukuni ne, kai kaɗai wa zai riƙe maka waya wa za ka watsa wa ruwa? Amma jirgin lilo mai gudu a kan dogo ko kai kaɗai ne ihunka zai fito. Ba sai ka kwana a Genting ba, duk da akwai otal ɗin First World mai ɗaki sama da 7,000 wanda ya shiga kundin Guinness, ka gan shi da fentinsa kala kala ka ɗau hoto ka sauko kafin dare.

Sai maganar abokinka. Ka tambaye shi, shi ya taɓa zuwa? Gidan cacar Genting shi kaɗai ne mai lasisi a duk faɗin Malesiya, kuma su kansu musulmin ƙasar doka ta hana su shiga, wato masu gida suna tsayawa a waje kai baƙo daga Zazzau kana neman kutsawa. A ƙofa akwai masu gadi, sai ka kai shekara 21, kuma hoton da kake ta buri ba a barin ɗauka a ciki, ka ga rabin dalilinka ya faɗi tun a nan. Hukunci kuwa ka san shi tun kana makarantar allo, Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haɗa caca da giya wuri ɗaya ta ce a nisance su, kuma wanda aka ce ya nisanci abu ba a ce ya je ya tsaya a kansa yana kallo ba.

Amma bari in yi maka magana irin ta 'yan kasuwa tunda kai ɗan PZ ne. Akwai farantin nan mai juyawa da ake jefa ƙwallo, rulet, ramukansa 37 ne daga 0 zuwa 36, in ka sa kuɗi a lamba ɗaya ta fito za a biya ka ninki 35. Lissafa da kanka, ramuka 37 biya 35 da uwar kuɗinka, ke nan a duk 37 da aka zuba gida yana riƙe 1, wajen kashi 2.7 cikin ɗari, kuma akwai teburin da sifirinsa biyu ne nan ribar gida ta haura kashi 5. Ba sa buƙatar su cuce ka, lissafin ne ya riga ya cuce ka tun kafin ka zauna, kamar a ce duk wayar da ta shigo shagonka ko an saya ko ba a saya ba kana da la'ada. Kuma "kallo kawai" ɗin nan shi ne ƙofar, kai kaɗai ne, ba wanda ya san ka, adashin shekara biyu yana aljihunka an canza shi zuwa ringit, kuɗin ƙasar, wanda idonka bai saba ganinsa a matsayin kuɗi ba, ga fitilu ga ƙarar injina ga wani can yana tsalle ya ci. Na san wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ya shiga kallo, kuɗin hayarsa na wata uku ya bari a ciki, mu muka yi masa karo-karo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Za ka wuce ta bakin ƙofar ko ba ka so tunda a cikin rukunin kantunan take, ka kalle ta daga nan, ya isa labari.

Ranar birni kuwa ka fara da Batu Caves da sassafe kafin rana ta yi zafi, jirgin ƙasa yana zuwa har bakin wurin, matakala 272 ne kuma wurin bautar 'yan Hindu ne, ka je a matsayin mai kallon kogo da dutse, ka riƙe ledarka da kyau birai suna fizge. Tagwayen benayen Petronas mita 452 ne hawa 88, sun riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, in kana son hawa gadar da ta haɗa su ka sayi tikiti ta intanet tun kana gida, galibi ba sa buɗewa Litinin. In kuma kuɗi sun yi ƙasa ka je da dare ka tsaya a lambun da ke ƙasan benayen, hoton ma ya fi kyau daga nan.

Kasuwa ita ce inda ba na jin tsoro a kanka. Petaling unguwar Sinawa ce, jakunkuna da agoguna da takalma masu manyan sunaye amma yawanci jabu ne, ni na taɓa sayen agogo a can wanda ya tsaya tun kafin mu sauka Kano. Ka taya kamar kana kasuwar Sabon Gari, ya faɗi nasa ka raba biyu, ka juya kamar za ka tafi zai kira ka. Central Market tana kusa da ƙafa za ka je, tun 1888 take, can ne kayan hannu da batik, wato atamfarsu. Kai da yake harkar waya kake yi ka ware awa biyu ka shiga Low Yat Plaza, bene ne guda na waya da kwamfuta da kayan gyara, na tabbata a nan za ka manta da gidan caca. Abinci ka nemi tambarin halal na hukumar JAKIM ko ka shiga shagunan Malayawa da na Indiyawa musulmi da ake kira mamak, kar ka ɗauka duk abin da ke ƙasar halal ne, a Petaling da titin Jalan Alor akwai alade a fili. Wurin sallah ba matsala, kusan kowane babban kanti da tasha akwai ɗan masallaci, ka nemi allon da aka rubuta surau. In Juma'a ta same ka ka je Masjid Negara ko Masjid Jamek wanda aka gina tun 1909.

Hajiya kuma tana da gaskiyarta, kar ka tafi sai ta sa maka albarka da bakinta. Abin da ke damun uwa shi ne rashin sanin inda za a neme ka, dan haka ka rubuta mata sunan otal da lambar jirgi da ranar dawowa ka ba ƙanenka kwafin fasfo, ka sayi layinsu tun a filin jirgi, ka yi mata alkawarin kiran bidiyo kullum, in ka kira da tara na darensu nan ƙarfe biyu ne na rana ta idar da azahar. Sannan Zariya cike take da malaman jami'a da suka yi digiri a Malesiya, ka samu ɗaya a Samaru ko Kongo ka kai shi ya gaishe ta ya ba ka lambar wani ɗalibi da ke can yanzu. Tsarabarta kuma ka je titin Tuanku Abdul Rahman da unguwar Masjid India, nan ake sayar da yadi da hijabai da mayafai, ranar Asabar da yamma har kasuwar dare ake ci a wurin, ka tambayi ƙannenka mata kalar da take so tun kafin ka tashi don kar ka kwaso mata abin 'yan mata.