Amsa: Wanda yake son noma zai yi noma a Aljanna?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kai dai noma kake so, kuma kana tambaya ko mutum zai samu abin da ya fi so a duniya idan ya shiga Aljanna. Zai samu, in sha Allahu. Suratu Fussilat, aya ta 31, ta ce 'yan Aljanna suna da duk abin da ransu yake marmari.

Maganar noma ma ta zo a Bukhari. Wani ɗan Aljanna zai roƙi Allah izinin yin shuka, kafin ƙiftawar ido ta tsiro, ta nuna, an girbe, an tara ta kamar duwatsu. Wani Balaraben ƙauye da ke wurin lokacin da Annabi (SAW) yake ba da wannan labari ya ce wannan ko dai Baƙuraishe ne ko mutumin Madina, su ne manoma. Annabi (SAW) ya yi dariya.

Sai dai kada ka auna da gonarka ta nan. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa kayan Aljanna suna kawai suka haɗa da na duniya. Babu zufa, babu jiran damina, balle kuɗin taki. Ni kam wannan na ƙarshen ya fi burge ni. Allah Ya sa mu dace.