Tambaya da Amsa: Iskar taya, bar zan bi ko gejin mai faci?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na sayi mota Beljiyam kwanan nan, a jikin ƙofar direba akwai sitika an rubuta 2.2 bar gaba, 2.4 bar baya, a ƙasa kuma 220 kPa da 240 kPa. To ni kullum in naje wajen mai faci a Kwangila sai yace min arba'in da biyar yake sa wa kowa, kuma gejinsa ba bar a jiki. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sitikar zaka bi, amma sai ka juya lissafin ya koma yaren gejin mai faci, don nasa psi yake karantawa, awon da Amurkawa ke aiki dashi, motarka kuma daga Turai tazo inda bar suka saba. Abu ɗaya suke aunawa, wato ƙarfin da iska take tura jikin taya, kamar dai mai awo da mudu da mai awo da tiya.

Bar 1 daidai yake da psi 14.5. Kaga 2.2 sau 14.5 ya baka 31.9, kace 32 kawai, na baya 2.4 kuma ya tashi 35. Shi kPa ba wahala, 100 ne ke yin bar 1, shi yasa 220 ɗin nan da 2.2 duk magana ɗaya ce, in kuma psi kake so kai tsaye ka raba lambar kPa ɗin da 6.9. Wasu motocin Japan zaka ga kgf/cm², shi ma kusan bar ne, 0.98, bambancin bai kai a damu ba.

Yanzu batun arba'in da biyar ɗin nan, wallahi yayi yawa, ya haura bar 3 fa. Yawanci masu faci lambar jikin taya suke gani, 44 ko 51, alhali wannan iyakar abinda tayar zata ɗauka ce ba abinda motarka ke buƙata ba, kuma in ka cika haka tsakiyar tayar ne zai riga cinyewa, mota ta dinga tsalle a gargada, birki ma ba zai kama titi yadda ya kamata ba musamman da damina. Rashin iskar ma nashi sharrin daban, taya tayi zafi ta sha maka mai, a hanyar Kaduna ko Kano kuma tana iya fashewa.

Ka auna da safe taya na sanyi. In ka taso daga tafiya mai nisa a zafin watan Afrilu geji zai nuna ƙarin psi uku ko huɗu, kar ka bari a sace iskar, da ta huce zata koma. Da sanyin hunturu kuma ka ga ta ɗan sauka.

Af, ka duba safayarka. In ƴar siririyar nan ce da ke zuwa da motocin Beljiyam, ita 60 psi take so, wato bar 4.2, an rubuta a jikinta.