Baƙon mai zane a Yamai: ta ina zai fara?

Malam, ka ce abokinka ya zo daga Togo, yana zana kogi da tuddai, amma ba mai saye.

Sai ya fara da takardun zama. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2025, sai ya je ofishin DST, 'yan sandan da ke kula da takardun baƙi, da ƙafarsa, su za su faɗa masa sharuɗɗan zama. Kada ya bi ta hannun dillalai.

Sannan ya nemi masu sana'ar hannu na unguwar Wadata da na gidan tarihin Boubou Hama. A ganina ƙananan zane sun fi tafiya: masunci cikin kwale-kwale da la'asar, ruwan kogin Isa ya yi jawur. Da hunturu ya riƙa rufe aikinsa, ƙura na manne wa ɗanyen fenti.

Don Allah kada ya zana gada ko barikin soja ba izini.